Satar Yazan a Filin Kabtin Thamer

Aziziyya, Jidda
Farkon Oktoba

Ya Abu Yazan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan saƙo zai same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Yaya teku, yaya zafin ɗakin inji? Mu nan alhamdu lillah. Hajiya na gaishe ka, gwiwarta ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani a mustashfa, wato asibiti, har bene take hawa da kanta. Nuf ta fitar da haƙorin gaba, tana yawo tana nuna wa maƙwabta gurbin.

Maganar Yazan ce ta zaunar da ni rubutu. Ka san yadda ya koma tun tafiyarka: daga makaranta sai ɗaki, a ɗakin ma sai jawwal, wayar nan ta hannu, in an yi masa magana ya amsa da ka. Shekara goma sha ɗaya, amma zaman tsofaffi. To makon jiya abokinsa Mazen ya ja shi kallon wani wasa da suke yi, wai shi besbol. Ƙaramar ƙwallo ce mai tauri, wani ya jefo, wani ya doke ta da sanda, sai ya yar da sandar ya zura a guje, ya bi tashoshi uku ya dawo gida. Duk wanda ya dawo gida an ci maki ɗaya. Iyakar fahimtata ke nan. Amma yaron nan ya dawo da surutu. Ya tsaya a bakin kicin yana ba ni labari har shinkafata ta kama. Yana son shiga.

Ban yarda na miƙa shi hannun wanda ban gani ba, don haka na ɗauki mota na zaga wurare biyu. Na farko wata akadimiyya ce a arewacin gari, hanyar Abhur. Ciyawar roba kore shar, kabad cike da kofunan gasa. Mai koyarwar, Kabtin Raed, bai ko kalli fuskar Yazan ba. Ya dubi kafaɗunsa, ya tambaye ni tsawon ubansa. Na zauna na kalli atisayensu. Wani yaro ya saki ƙwallo, aka daka masa tsawar da ni kaina sai da na firgita. Akwai wasu yara a benci tun zuwana har tafiyata ba wanda ya kira sunansu. Uwar ɗayansu ta ce mini haka suke kullum.

Na biyu yana kudu, bayan wani kamfanin kwalaye a Madinar Masana'antu. Ƙasa ce zalla, sai rumfar kwano da randar ruwan sanyi. Nan Mazen yake. Mai koyarwar sunansa Kabtin Thamer, malamin motsa jiki ne a wata makarantar gwamnati. Ya durƙusa ya yi daidai da Yazan, ya tambayi sunansa, ya tambaye shi abin da ya ba shi sha'awa. Sannan ya juyo gare ni: yana da wata lalura? Na ce asma, amma ba mai tsanani ba. Ya ce kullum a zo da abin shaƙarsa, a aljihunsa shi kabtin zai zauna. Ya ce ba atisayen da ake yi a ɓoye, duk uwar da ke son zama ga rumfa nan. Da aka kira magariba ya busa usur, suka ajiye sanduna, ya ja su salla a wurin.

Ka ga inda zuciyata ta karkata, amma ɗanka ne. Ina jiran maganarka.

Taka,
Luba

*

Cikin jirgi, kusa da Mombasa
Tsakiyar Oktoba

Ummu Yazan,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gwiwar Hajiya, ki gaishe ta da kyau. Ki ce wa Nuf kada ta riƙa sa harshe a gurbin. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya na sunkuyo. Saƙonki ya daɗe kafin ya iso. Na'urar saƙon tsohon jirgin nan sai ta ga dama take aiki.

Gaskiya ban san wannan wasa ba. Mu a Bur Sudan ƙwallon ƙafa muka taso muna bugawa a bakin teku, ba sanda ba hula. Amma yaron da ya tsaya yana surutu har abinci ya kama, ba ni ne zan hana shi ba.

Sai dai da ni ne a gida da na fi duba na arewan. Wurin da kofuna suka taru akwai abin da suka iya. Tsawa ba ta kisa, mu ma da ita aka koya mana aiki. Kuma filin nan na kudu, ga hayaƙin masana'antu ga mai asma, ga manyan motoci a hanya. Wannan duk sai ki auna.

Abin da ba zan ɗaga ƙafa a kansa ba shi ne halin mutumin. Yaron da ubansa ke teku, duk namijin da ya tsaya a gabansa kullum shi zai kwaikwaya, har yadda yake tafiya da yadda yake fushi. Ba na son mai duka, ba na son mai ashar. Durƙusawa gaban yaro a ranar farko kowa ya iya. Wane ne Thamer ɗin nan, ɗan gidan wa? Ki sa yayanki Usman ya bincika mini. In ya samu labari mai daɗi, na amince a gwada, amma da sharaɗi: ranar da na ce a cire shi, a cire shi.

Mijinki,
Abduljalil

*

Aziziyya, Jidda
Nuwamba

Ya Abu Yazan,

Sallama da fatan alheri. Yaya bayan naka? Ka riƙa shafa man da na sa maka a jaka. Mu duk lafiya, zafi ya fara sauka, da yamma har iska ake samu daga teku.

Yaya Usman ya yi aikin da ka sa shi. Thamer ɗan unguwar Sa'alaba ne, jikan Takari kamarmu, Hajiya ma ta san mahaifiyarsa, ta ce tare suka yi makarantar allo. A gabashin ƙasar ya koyi wasan lokacin yana karatu. Usman ya tambayi iyayen yara da yawa, ba wanda ya taɓa jin ashar a bakinsa. Hayaƙin da kake tsoro babu shi, filin na gefen da iska ke fitowa. Na sa Yazan.

Wallahi da ka gan shi. An ba shi riga mai lamba da safar fata ta kama ƙwallo, da ita yake kwana. Makon farko ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallon da sanda ba, ya ce halas, ya bari. Kabtin ya ce masa, "Kai ba ka ga abin da na gani ba. Ka san ka fi kowa gudu a nan?" Kuma dokarsa kowane yaro sai ya buga a kowane wasa, ko gwani ko ba gwani ba. Akwai wani ɗan mitsitsi, Hatim, hular kwano na rufe masa ido, tun da aka fara bai taɓa doke ƙwallo ba, amma layinsa na zuwa ake kiransa.

Ga babban labarin. Ranar Juma'a sun kara da ƙungiyar yaran Filifin, kuma Yazan ya yi satarsa ta farko, ya ƙara ta biyu, a gaban kowa! Kabtin ne ya koya masa yadda zai faki idon yaro, kuma shi ya taɓa hula ya yi masa alamar yanzu ne. Yaran can ba su ankara ba sai da aikin ya gama. Kabtin ya ce tun da yake koyarwa bai ga mai saurin iya sata kamar ɗanka ba. Na san za ka ce

*

Cikin jirgi, bayan Durban
Nuwamba

Luba,

Salam. Ina lafiya. Saƙonki ya yanke a tsakiya, amma abin da ya iso ya ishe ni.

Na karanta na sake karantawa ko idona ne. Ɗana ya yi sata, babban mutum ya koya masa fakon ido, ke kuma kina rubuto mini da murna? Me ya ɗauka na yaran mutane? Ko safa ce ko ƙwallo, ki sa shi ya mayar da hannunsa, ya ba su haƙuri. Kwanan nan aka sauke wani matashi daga jirgin nan saboda ɗan abin da ya ɗauka a sito. Na ga fuskarsa yana sauka da jakarsa. Ba don ɗana ya zama haka nake ƙona jikina a ɗakin inji ba.

Kin tuna sharaɗina. A cire shi. Kada ya sake taka filin mutumin nan.

Na'urar saƙo za a kwance ta don gyara, ba zan sami komai ba sai mun isa Kolombo. Kada ki jira wata magana bayan wannan.

Abduljalil

*

Aziziyya, Jidda
Ƙarshen Nuwamba

Ya Abu Yazan,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana lafiya. Mu lafiya, sai abin da wasiƙarka ta jawo.

Da na karanta, dariya na fara yi har Hajiya ta leƙo. Da na kai ƙarshe sai dariyar ta tsaya. Na duba abin da na aika, na ga rabinsa ne ya tafi, kuma bayanin duk yana cikin rabin da ya maƙale.

Ya ibnil halal, ba kayan kowa ya ɗauka ba! Sunan wata dabara ce a cikin wasan. Idan yaro yana tsaye a tasha ta farko, ya ga mai jifa ya mai da hankali kan mai sanda, sai ya zura a guje ya kama tasha ta biyu kafin a jefo ƙwallo a tare shi. Ita ake kira satar tasha. Halal ce a dokar wasan, alƙali na tsaye yana kallo, har iyayen yaran Filifin ɗin sun tafa masa. Laifina ne, na saba da yarensu har na manta yadda kalmar za ta faɗo a kunnen wanda ke nesa.

Na san ba za ka ga wannan ba sai Kolombo, amma na aika. Maganarka kuma na bi ta, na kira Kabtin na yi masa bayani. Na gaya wa Yazan babansa ya ce a dakata. Ya tambaye ni me ya yi. Na ce bai yi komai ba, rashin fahimta ce. Ya ce, "To in ban yi komai ba, lesh? Don me?" 

Luba

*

Aziziyya, Jidda
Disamba

Ya Abu Yazan,

Sallama. Har yanzu shiru daga wajenka. Kullum sai na duba inda jirginku yake a taswirar jawwal, in ga ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa. Allah ya kai ku lafiya. Hajiya da Nuf suna gaisuwa.

Zan gaya maka komai yadda ya faru, har da wanda ba zai yi maka daɗi ba.

Yazan ya koma ɗaki. Bai yi mini rashin kunya ba, bai yi kuka a gabana ba, amma ya sa safarsa a ƙarƙashin gado, abinci ma sai na matsa. Ga gasar yara ta gari za a fara a ƙarshen wata. Ina cikin wannan sai Kabtin Raed na akadimiyyar arewa ya kira ni. Ashe ya ga gudun Yazan a wasan nan. Ya ce in kawo shi, zai sa shi a manyan 'yan wasansa. Na ce mahaifinsa ya hana wasan. Ya yi dariya ya ce, "Wanda ke tsakiyar teku ina zai sani? Kawo shi kawai." Na kashe wayar.

Amma maganar ta zauna mini. Na ce a raina, ai na san kuskure ne, na san da kana nan da tuni ka janye. Ranar Talata na ce wa Yazan yalla, ɗauko safarka. Na kai shi filin Kabtin Thamer.

Yara suka yo kansa da ihu. Kabtin ya rungume shi, sannan ya tambaye ni, "Abu Yazan ya amsa?" Na ce bai amsa ba tukuna, amma na tabbata zai amsa. Sai ya ce in ba shi dama ya zo gida. Bai sa shi a atisayen ba.

Washegari ya zo tare da Yaya Usman, suka zauna a majlis, aka kira Yazan. Da Hausa ya yi maganar, irin ta tsofaffin Sa'alaba, wai don Hajiya ta ji. Ya ce, "Ya ukhti, ina buƙatar yaron nan fiye da yadda kike zato. Ba ni da mai gudunsa. Amma in na karɓe shi yau, na koya masa cewa idan uba ya yi nisa ana iya zagaye maganarsa. Wannan darasin zai fi duk abin da zan koya masa da sanda zama a kansa." Ya juya ga Yazan ya ce, "Babanka ya ji an ce ɗansa ya yi sata, ya tashi tsaye daga wata duniya don ya hana. Ba kowane yaro ke da irin wannan uban ba. Ka yi masa haƙuri. Rigarka ba wanda zai saka."

Ni ce na ji kunya a wurin, ya Abu Yazan. Mutumin da ka kira mai koyar da sata shi ya riƙe maganarka ranar da ni na sake ta.

Ya nuna wa Usman wasu motsa jiki da Yazan zai riƙa yi a saman bene don kada jikinsa ya mutu, ya ce wannan ba filinsa ba ne, bai shiga hanin ba. Yazan na yi kullum bayan la'asar. Yanzu kai muke jira.

Taka,
Luba

*

Kolombo
Disamba

Ummu Yazan, uwargidana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun iso lafiya, an gyara na'ura, wasiƙunki biyu suka faɗo tare. Bayana ya warke. Kunya ce yanzu ke damuna.

Da na karanta ta farko ban yarda duka ba. Na je kicin wajen kukunmu, wani dattijo ɗan Filifin, na tambaye shi ko a besbol akwai abin da ake kira sata. Ya ajiye wuƙa ya dube ni. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya jera faranti huɗu a tebur, ya ɗauki lemon tsami ya mai da shi Yazan, ya nuna mini yadda ake yi. Ya ce yaron da ya yi wannan sau biyu a wasa ɗaya yana da ƙafa kuma yana da kai. Kafin a tashi cin rana duk jirgi sun ji, kowa na zuwa yana ba ni hannu.

Sai na karanta ta biyu. Wannan ban nuna wa kowa ba.

Ban yi fushi da ke ba don kin kai shi. Ni na ɗaure ku da magana na tafi inda ba a iya samuna, ban ko tsaya na tambaya ba. Na ce miki durƙusawa gaban yaro kowa ya iya. To wannan da ya yi ba kowa ya iya ba. Yana buƙatar yaron, uwar yaron ta kawo shi da kanta, uban ya zage shi a takarda, amma ya ce a'a. Ni da nake ta maganar kofuna.

A mayar da Yazan yau ɗin nan in akwai atisaye. Ki ce masa babansa ya yi kuskure, kuma yana ba shi haƙuri. Ki faɗa masa haka, kada ki sassauta kalmar. Ki ce wa Usman ya je wajen Kabtin Thamer a madadina, ya ce Abduljalil ya zarge shi da abin da bai yi ba, yana neman afuwa, kuma ya ba shi amanar ɗansa da zuciya ɗaya.

Ki rubuto mini labarin gasar, amma ki rarraba shi gajere-gajere, kada na'urar nan ta sake haɗa mu.

Mijinki,
Abduljalil

*

Aziziyya, Jidda
Janairu

Ya Abu Yazan,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai muryata da ta dishe, za ka ji dalili. Na raba wasiƙar gida uku kamar yadda ka ce, in ɗaya ta ɓace ka jira.

Mabruk! Sun ci kofin!

Bari in faro daga farko. Da Usman ya kai saƙonka, Kabtin ya ce ba abin yafewa. Amma bai fara da Yazan a wasannin farko ba. Ya ce waɗanda suka yi ta atisaye lokacin da ba ya nan su ma suna da haƙƙi. Na ɗan ji haushi, shi kuwa Yazan ko a jikinsa, yana bakin rumfa yana yi wa abokansa ihu har a sako shi a tsakiya. Haka suka yi ta haurawa har wasan ƙarshe. Da wa? Da akadimiyyar arewa, a filinsu mai ciyawar roba.

Hajiya ta ce sai ta je. Muka ɗauko mata kujera, ta zauna da carbinta ba ta san ko wane gefe ake ci ba, sai ta ga na tashi ta ce Allahu akbar.

Mazen ne mai jifarmu, kuma ya hana su sakat. Ana gab da ƙarshe muna kunnen doki, sai Kabtin ya tsayar da wasa ya nufi wajensa. Ya ga yana murza gwiwar hannu. Mazen ya ce ba komai, zai iya. Kabtin ya karɓi ƙwallon ya ce ya je ya sa ƙanƙara. Iyaye suka yi caa, har da baban Mazen, yana cewa a bar shi ya ƙarasa. Kabtin ya juyo ya ce masa, "Hannun nan zai yi masa aiki har tsufa. Ba zan saye kofi da shi ba." Wanda ya maye gurbin bai kai Mazen ba, suka ci mu maki ɗaya. Na ce shi ke nan.

Zagayen ƙarshe namu ne. Wani yaronmu ya doka mai kyau ya zagayo gida, muka dawo daidai. Aka fitar da biyu, saura mutum ɗaya a fitar a tafi ƙarin lokaci, mu kuwa ba sauran mai jifa. Yazan ya doka ta wuce ta saman kan mai tsaron tsakiya, ya kai tasha ta biyu. Sai na duba wanda layi ya zo kansa. Hatim. Ɗan mitsitsin nan da bai taɓa doke ƙwallo ba.

Wani uba a bayana ya ce a canza shi mana. Doka ta yarda a canza. Kabtin bai ko waiwayo ba. Ya gyara wa Hatim hular kwano, ya ce masa wani abu a kunne, ya tura shi. Jifa ta farko ya kai sanda ya sami iska. Ta biyu ma haka, in ya sake kuskure ta uku an fitar da shi. Uwarsa na kusa da ni ta rufe fuska da gyale. Ta uku sai muka ji ƙas! Ba wata doka mai ƙarfi ba ce, ƙwallon ta gangara a hankali tsakanin yara biyu, kowannensu na jiran ɗayan ya ɗauka. Hatim ya tsaya yana kallon sandarsa, duk fili na ihu, "Ijri! Gudu!" sannan ya zura, ya taka tasha ta farko kafin ƙwallo ta isa.

Shi kuwa ɗanka tun ƙarar sandar ya tashi. Ya wuce tasha ta uku bai rage ba, Kabtin na juya hannu kamar fanka. Suka jefo ƙwallon gida. Yazan ya kwanta ya sulale da ƙirji, shi da ƙwallon suka iso kusan tare.  Alƙali ya buɗe hannuwansa biyu: ya tsira!

Ban san lokacin da na yi guɗa ba, a tsakiyar mutanen Abhur. Hajiya ta cilla sandar da take dogarawa sama. Yaran suka ruga, kuma ka san wa suka ɗaga sama? Hatim. Yazan ne ya fara cicciɓarsa. Kafin a ba su kofin Kabtin ya jera su suka gaisa da yaran can ɗaya bayan ɗaya, waɗansu na kuka. Wata uwa daga cikinsu ta biyo ni har mota tana tambayar ina filinmu yake, kuma ko akwai sauran gurbi.

Na tura maka hoton bidiyon, Usman ne ya ɗauka. Likita ya duba Mazen ya ce hutu kawai yake buƙata, da ya ci gaba ne da an sami matsala.

Taka har kullum,
Luba

*

Cikin jirgi, mun doshi Bahar Maliya
Janairu

Ummu Yazan,

Wa alaikumus salam. Duka ukun sun iso, da bidiyon. Alhamdu lillah, alhamdu lillah. Ki sha zuma da lemon tsami saboda muryar. Ki gaishe da Hajiya, ki ce na ga sandarta a sama.

A ɗakin cin abinci aka sa shi a babban allo. Indiyawa, 'yan Filifin, 'yan Masar, har kyaftin ɗin jirgi ya sauko. Da Yazan ya sulale gida ihun da aka yi sai da na kan aiki ya bugo waya yana tambaya ko gobara ce. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Kuku ne ya miƙo mini tawul.

In Allah ya yarda farkon wata muna Jidda, kuma hutuna ya fito. Ina son ranar farko Usman ya kai ni Sa'alaba in gaishe da Kabtin a gidansa.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Tun Kolombo kuku ke koya mini jifa da kamawa a bayan jirgi idan mun tashi aiki. Ƙwallo biyu sun tafi teku, babban yatsana ya kumbura, ya ce a duk waɗanda ya taɓa koya wa ni ne na baya. Amma jiya na kama goma a jere. Ki ce wa Yazan ya nemo mini safa ta manya, ya jira ni a saman bene. Kuma ki roƙar mini shi ya jefo a hankali.

Mijinki,
Abduljalil